FAISAL HUSAINI, MAI GIDAN GABAS NA BIRNIN ƘUDUS

Filinmu na tarihin mazan jiya ya yi nisan zango a wannan fitowa, domin kuwa Birnin Ƙudus muka nufa. Dalili shi ne, duk sa'ad da aka zauna hira a ƙofar masallaci ko a rumfar kasuwa aka taɓo maganar Falasɗinu, tambaya ɗaya ce za ka ji tana ta dawowa: wai shin ba an yi sulhu ba ne tun 1993, har aka nuno Arafat da Rabin suna musafaha a fadar shugaban Amurka? To ina sulhun ya shiga? Mun ga hanya mafi sauƙi ta amsa wannan tambaya ita ce mu kawo wa masu karatu tarihin wani bawan Allah wanda bai yi suna a wajenmu kamar Arafat ba, amma shi ne ya zauna cikin garin yana ƙirga gidajen da ake ginawa a kan tsaunuka, alhali manya suna can suna zaman shawara. Sunansa Faisal Abdulƙadir Husaini.

An haife shi ranar 17 ga Yuli, 1940, a Bagadaza, inda mahaifinsa yake gudun hijira bayan Turawan Ingila sun murƙushe boren da Falasɗinawa suka yi musu daga 1936 zuwa 1939. Gidan Husaini kuwa yana cikin tsofaffin gidajen Ƙudus, suna danganta kansu da Sayyidina Husaini jikan Manzon Allah (SAW), kuma tun zamanin Turkawa suke riƙe da manyan muƙamai na garin. Kakansa Musa Kazim shi ne magajin garin Ƙudus daga 1918 har Turawa suka tuɓe shi a 1920. A watan Oktoba na 1933, yana tsoho tukuf mai kimanin shekara 80, ya shiga gaban wata zanga-zanga a Yafa, 'yan sanda suka sa masa kulki. Bai sake samun lafiya ba har ya rasu a 1934. Mahaifinsa Abdulƙadir kuma shi ne kwamandan mayaƙan Larabawa a yankin Ƙudus, an kashe shi ranar 8 ga Afrilu, 1948, a kan tsaunin Ƙastal, wanda ke tsare hanyar shiga garin. A lokacin Faisal yana ɗan shekara bakwai a Alƙahira.

Bari mu ɗan ratse kaɗan, don akwai namu a cikin labarin. A zamanin da wani ɗan wannan gida, Alhaji Amin Husaini, yake muftin gari ne aka tsugunar da waɗansu alhazai baƙar fata a tsofaffin gidajen waƙafi guda biyu da ke bakin ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa. Mutanen Nijeriya ne da Chadi da Sudan da Senegal, cikinsu har da Hausawa da Barebari, waɗanda suka yi aikin hajji suka zarce ziyara, suka kama aikin gadin masallaci, suka yi aure suka zauna. Jikokinsu suna nan a wurin har yau. Shi wannan mufti dai ya ƙare da ɗasawa da Jamusawan Hitler a lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da Isra'ilawa ba su taɓa mantawa da shi ba. Saboda haka sunan Husaini ya zame wa Faisal jari a wajen mutanensa, ya kuma zame masa kaya a wajen abokan gaba.

A Masar ya tashi ya yi karatu, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Falasɗinu a 1959. Da aka kafa ƙungiyar ƙwatar 'yancin Falasɗinu, wato PLO, a 1964, ya yi mata aiki a ofishinta na Ƙudus, daga nan ya tafi Siriya ya sami horon soja. Ana cikin haka yaƙin kwana shida na Yuni 1967 ya ɓarke, Isra'ila ta kama Gabashin Ƙudus da Yammacin Kogin Jodan da Zirin Gaza da Sina'i da Tuddan Golan. A daidai lokacin da dubban mutane suke tsallaka kogi suna gudu zuwa gabas, shi Faisal sai ya tsallako ya nufo yamma, ya dawo garin ubansa. Ba a daɗe ba aka kama shi da makamai, aka ɗaure shi shekara guda. Da ya fito sai ya lafa, ya kama aikin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, ya yi shekaru yana wannan sana'a, ba ka jin ɗuriyarsa.

To a waɗannan shekaru da ya lafa ne fa garin ya sake kama a gaban idonsa, kuma dole mu tsaya a nan mu yi bayani, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane sauran labarin ba. Gabashin Ƙudus na zamanin mulkin Jodan ɗan ƙaramin gari ne, bai wuce murabba'in kilomita 6 ba. A ƙarshen watan Yuni 1967 sai Isra'ila ta ja sabuwar iyaka ta haɗe murabba'in kilomita 70 da garinta, ta kwaso filayen ƙauyuka da dama, tana zagaye wuraren da jama'a suka yi yawa tana ɗaukar waɗanda suke fili ne fetal. Tun kafin wannan, cikin kwanakin farko da kama garin, katafiloli sun riga sun share Unguwar Magaribawa, gidaje fiye da 100, don a buɗe fili a gaban bangon da Yahudawa suke ibada. Daga nan aka shiga ƙwace filaye da sunan amfanin jama'a, ana gina manyan unguwanni: Ramot da Nebe Ya'akob ta arewa, Gilo ta kudu, Talfiyot ta Gabas, daga baya kuma Fisgat Ze'eb. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin da aka haɗe, haka ya tafi. Su kuwa Larabawan garin, katin zama aka ba su irin na baƙo, ba na ɗan ƙasa ba, kuma samun takardar izinin gini a wajensu ya zama jan aiki. Wanda ya gaji da jira ya yi gini, sai katafila ta zo.

Dokar duniya ba ta da ruɗani a kan wannan. Yarjejeniyar Janeba ta huɗu ta 1949 ta hana ƙasar da ta mamaye wani yanki ta kwashi mutanenta ta zuba a ciki, kuma da majalisar Isra'ila ta yi doka a 1980 cewa Ƙudus dukkansa babban birninta ne, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 478 ya ce dokar ba ta da tushe. Hujjar Isra'ila kuwa ita ce, wai ƙasar ba ta kowa ba ce tsayayye, jayayya ake yi a kanta, kuma nan ne tushen addininsu da tarihinsu, sannan unguwannin Ƙudus ba sa cikin lissafin matsugunai. Ana ta wannan muhawara, magina suna ta aiki.

Faisal ya lura da wani abu da masu ihu ba su lura da shi ba. Abokin gaba da taswira yake zuwa, da safiyo, da lauya, da takarda mai hatimi, su kuwa mutanensa sai kuka da rantsuwa cewa gonar ta kakanninsu ce. Mu da muke zaune nesa da gida, babu mai koya mana darajar takardar fili ranar da rigima ta taso. Saboda haka a 1979 ya kafa Ƙungiyar Nazarin Al'amuran Larabawa, ya shiga tara tsofaffin takardun mallaka na zamanin Turkawa da na Ingilishi, da hotuna, da jaridu, da fassarar abin da jaridun Isra'ila suke bugawa. Daga baya aka buɗe sashen taswira a ƙarƙashin Khalil Tufakji, wanda aikinsa shi ne bin kowane tsauni yana rubuta abin da aka ƙwace da abin da aka gina. A 1983 ƙungiyar ta koma wani tsohon gidan danginsu da ake kira Baitus Sharƙ, wato Gidan Gabas. Isma'il Musa Husaini ne ya gina shi a 1897, Sarkin Jamus ya sha shayi a ciki a 1898, Sarkin Habasha Haile Selassie kuma ya sauka a ciki a 1936 bayan Italiya ta kore shi daga ƙasarsa.

Hukuma ba ta ɗauki wannan aiki da wasa ba. Daga 1982 zuwa 1987 ɗaurin talala aka yi masa, ba ya fita daga garin. Daga Afrilu 1987 zuwa Janairu 1989 kuma aka yi ta kai shi kurkuku ana sakowa, ba tuhuma ba shari'a. A can ne ya koyi Ibrananci, yaren Yahudawa, har ya zamana yana hawa mumbarinsu ya yi musu magana da bakinsu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, yawancin kamun da aka yi masa ya biyo bayan maganar sulhu ne. A 1987 shi da Sari Nusaiba sun yi ta ganawa a ɓoye da Moshe Amirab, wani ɗan jam'iyyar Likud mai mulki. Da magana ta fito, Amirab ya rasa matsayinsa a jam'iyya, waɗansu matasa masu rufe fuska suka lakaɗa wa Nusaiba dūka a jami'ar Birzait, shi kuma Faisal aka mayar da shi kurkuku. A ƙarshen Yuli 1988, ana tsakiyar boren jifa da duwatsu da ake kira Intifada, ya yi jawabi a gaban taron Isra'ilawa masu neman zaman lafiya ya goyi bayan ƙasa biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sake kama shi, aka garƙame Gidan Gabas, bai buɗe ba sai 1992.

Ka ji fa. Ɗan Abdulƙadir na Ƙastal, wanda ubansa ya mutu da bindiga a hannu, shi ne yake cewa a raba ƙasa biyu, a bar Ƙudus a buɗe ba bango, gabashinsa ya zama babban birnin Falasɗinu, yammacinsa na Isra'ila. Da wani ne ya faɗi haka da tuni an kira shi maci amana. Shi kam sunan gidansu ya tsare shi. A ƙarshen 1989 yana cikin waɗanda suka shirya dubban Larabawa da Yahudawa da baƙi daga Turai suka riƙe hannun juna suka kewaye ganuwar tsohon gari, 'yan sanda suka tarwatsa su.

Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, PLO tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi saboda ta karkata wajen Saddam Husaini, Amurka ta ƙi magana da ita. Da Sakataren Harkokin Wajen Amurka James Baker ya fara zirga-zirga a watan Maris na shekarar, Faisal ne ya jagoranci waɗanda suke ganawa da shi, kuma kowace ganawa da taswira a hannunsa. Shi kansa Baker ya koka a gaban majalisar ƙasarsu cewa babu abin da ya fi wahalar masa da aiki kamar yadda duk zuwan da zai yi, da sabon matsuguni ake tarbarsa. Ariel Sharon ne ministan gidaje a lokacin. Shugaba Bush babba har ya riƙe lamunin bashin dala biliyan 10 da Isra'ila take nema, saboda maganar matsugunai. A iya saninmu wannan yana cikin lokuta ƙalilan da Amurka ta taɓa aljihun Isra'ila a kan wannan batu. Duk da haka, a watan Oktoban da za a buɗe taron Madrid, 'yan kama-wuri-zauna suka shiga waɗansu gidaje a Silwan, ƙasa da Masallacin Al-Aƙsa kaɗan.

A Madrid ɗin ma Firayim Minista Shamir ya kafe cewa ba zai zauna da mutumin Ƙudus ba, don kada a ce garin yana cikin abin da ake ciniki a kai. Dole Faisal ya tsaya a waje yana jagorantar masu ba da shawara, Dokta Haidar Abdusshafi na Gaza ya shiga zauren. Da shawarwari suka koma Washinton, wakilan nan suka tsaya kai da fata a kan abu biyu: a tsayar da gina matsugunai tukuna, kuma a sa Ƙudus cikin magana. Hujjarsu mai sauƙi ce, yaya za a yi ana cinikin akuya mai saye yana yanka yana ci? Bayan Shamir ya faɗi zaɓe a 1992, wata jaridar Isra'ila ta ruwaito shi yana cewa da ya zarce, da ya ja shawarwarin shekara goma har yawan 'yan kama-wuri-zauna ya kai rabin miliyan. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Ashe suna can suna fama a Washinton, Arafat ya buɗe wata ƙofa a ɓoye a Oslo ta ƙasar Norwe, ba su sani ba. A watan Agusta 1993 Faisal da Hanan Ashrawi da Sa'ib Erekat suka tafi Tunis da takardun murabus saboda sassaucin da suka ga shugabanninsu suna yi, aka lallashe su suka janye. Da yarjejeniyar ta fito, aka sa hannu ranar 13 ga Satumba, sai ga shi abu biyun nan da suka kafe a kai an tura su gaba. Ƙudus, da matsugunai, da 'yan gudun hijira, da iyakoki, duk an ce sai zaman ƙarshe, cikin shekara biyar. Babu layi ɗaya da ya fito fili ya ce a daina gini. Abin da Ƙudus ta samu shi ne wata wasiƙa da Shimon Feres ya aika wa ministan harkokin wajen Norwe a watan Oktoba, yana alkawarin cewa ba za a taɓa cibiyoyin Falasɗinawa da ke gabashin garin ba.

Faisal bai fasa tafiyar ba. Ya karɓi riƙon al'amuran Ƙudus a madadin PLO, a 1996 kuma ya shiga kwamitinta na zartarwa. Gidan Gabas ya zama kamar fadar sarki ba sarki: ministocin ƙasashen waje suna sauka, tutar Falasɗinu tana kaɗawa, matar da aka rushe wa gida tana zaune a zaure tana jira, masu rigimar gado da na bashi suna kawo ƙara don kada su je kotun Isra'ila. Sai dai tsakaninsa da Arafat akwai 'yar tsama. Arafat ba ya son wani ya yi tsawo a kusa da shi, musamman mai irin wannan suna, kuma sau da yawa kuɗin gudanar da gidan sai Faisal ya bi ƙasashen Larabawa da Turai ya roƙo. A ganinmu wannan yana cikin manyan kurakuran da aka yi a ɓangaren Falasɗinawa, domin can ana zuba biliyoyi a kan tsaunuka, nan kuwa mai tsaron garin yana fafutukar albashin ma'aikata.

Shekarun da ake kira na sulhu su ne suka fi matse garin. Tun Maris 1993 aka kafa shingaye aka raba Ƙudus da sauran Yammacin Kogin Jodan, mutumin Ramalla ko Baitalami ba ya zuwa asibiti ko sallar Juma'a sai da takarda. Daga 1995 aka tsananta ƙwace katin zama daga duk wanda aka ce rayuwarsa ta koma wajen gari, ko da tsadar haya ce ta kore shi unguwar da ke bayan iyaka. Daga 1967 zuwa yau mutum fiye da 14,000 aka yi wa haka. A watan Mayu 1995, gwamnatin Rabin ɗin nan da ta yi musafaha ta ba da sanarwar ƙwace hekta 53 a gabashin garin, Amurka ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, kuma abin da ya tsayar da ƙwacen shi ne 'yan majalisa Larabawa na cikin Isra'ila da suka kusa kayar da gwamnatin. Jini kuma bai daina zuba ba ta kowane ɓangare. A watan azumi na Fabrairu 1994 wani ɗan kama-wuri-zauna ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Halil. A Nuwamba 1995 wani Bayahude mai adawa da mayar da ƙasa ya harbe Rabin. A farkon 1996 'yan ƙunar-baƙin-wake na Hamas suka yi ta tayar da bama-bamai cikin motocin haya suna kashe farar hula, abin da ya share wa Netanyahu hanyar cin zaɓe a watan Mayu.

Sai kuma maganar Dutsen Abu Gunaim, inda sunan Faisal ya fi fitowa. Tsauni ne mai kurmin itatuwa a kudancin Ƙudus, yana kallon Baitalami da Bait Sahur. A watan Fabrairu 1997 gwamnatin Netanyahu ta amince a gina gidaje 6,500 a kai, wurin da Isra'ilawa suke kira Har Homa. Hukuma ta ce yawancin filin da aka karɓa na Yahudawa ne da suka saya tun da can. Faisal ya buɗe taswira ya nuna cewa maganar ta wuce wa ya mallaki wace gona, domin wannan tsauni shi ne gurbin da ya rage a zoben da aka kewaye garin da shi ta kudu, in aka cike shi an raba Ƙudus da Baitalami ke nan. Ya kafa tanti a gindin dutsen, cikin sanyi da ruwan sama, yana kwana a can da 'yan majalisa da Isra'ilawa masu goyon baya. Ranar 18 ga Maris katafiloli suka hau, sojoji suna tsaronsu. Sau biyu cikin watan nan Amurka ta hau kujerar na-ƙi. A yau Har Homa gari ne mai mutum fiye da 20,000, da makarantu da kantuna, itatuwan kuwa sai a tsohon hoto. A watan Satumba na shekarar haka aka sake yi a Ra'asul Amud, inda wani attajirin Amurka mai suna Moskowiz ya sayi fili a tsakiyar unguwar Larabawa.

Abin da Faisal yake tsoro ya bayyana ƙarara a ƙarshen shekara ta 2000. Bayan taron Camp David ya watse a watan Yuli ba tare da an daidaita ba, Shugaba Clinton ya kawo shawararsa a Disamba cewa a Ƙudus, inda Larabawa suke ya zama na Falasɗinu, inda Yahudawa suke ya zama na Isra'ila. A kunne kamar adalci. Amma ma'anarsa ita ce duk tsaunin da aka riga aka gine ya tafi ke nan, wato wanda ya yi sauri da siminti shi ya ci. A 1993 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jodan, ban da na Ƙudus, sun ɗan haura 110,000. Zuwa 2000 sun doshi 200,000, kuma wannan ƙari an yi shi ne a ƙarƙashin gwamnatocin Leba da na Likud duka. A ƙarshen Satumba na shekarar Sharon ya shiga harabar Al-Aƙsa da ɗaruruwan 'yan sanda, bore na biyu ya tashi, wannan karon da bindigogi da bama-bamai, a Fabrairu 2001 kuma Sharon ɗin ya ci zaɓen Firayim Minista.

A ƙarshen watan Mayu 2001 Faisal ya tafi Kuwaiti halartar wani taro, da niyyar ɗinke ɓarakar da ta shiga tsakanin ƙasar da PLO tun yaƙin Saddam. Waɗansu 'yan majalisar ƙasar ba su yi masa tarba mai kyau ba. Ranar 31 ga Mayu zuciyarsa ta buga a masaukinsa, ya cika yana da shekara 60. Allah Ya jiƙansa. Arafat ya rako gawar har Ramalla, daga nan bai iya wucewa ba. Washegari Juma'a dubun dubatar mutane suka ɗauko shi suka keta shingaye, sojoji suka ja gefe, aka tsaya da shi a Gidan Gabas, tutocin Falasɗinu suka cika titunan da aka hana ɗaga su, aka binne shi a harabar Al-Aƙsa kusa da ubansa da kakansa. A daren ranar wani ɗan ƙunar-baƙin-wake ya kashe mutum 21, yawancinsu samari da 'yammata, a ƙofar wani gidan rawa a Tel Abib.

Bayan rasuwarsa wata jaridar Masar ta buga hira da aka ce ita ce ta ƙarshe da ya yi, inda aka ruwaito shi yana kwatanta yarjejeniyar Oslo da dabarar shiga gari ta bayan fage, burin kuwa ƙasar gaba ɗaya. Masu ra'ayin riƙau na Isra'ila har yau da ita suke kafa hujja cewa duk maganar sulhunsa yaudara ce. Isra'ilawan da suka yi shekaru suna hulɗa da shi ba su yarda da wannan fassara ba. Mu dai abin da muke iya aunawa shi ne aikin mutum, kuma shekara goma sha huɗu ya yi yana maimaita maganar ƙasa biyu a gaban mutanensa da gaban abokan gaba, har kurkuku ya shiga a kanta.

Mu koma kan adadin nan na Shamir. A yau 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jodan sun haura rabin miliyan, ga wasu fiye da 200,000 a Gabashin Ƙudus. An taɓa kwashe su, ba a ce ba a taɓa ba: an rushe Yamit a Sina'i a 1982, an kuma fitar da kimanin mutum 8,000 daga Gaza a 2005, sai dai mai karatu ya gwada 8,000 da 700,000 ya gani. Kwamitin Sulhu ya sake cewa matsugunan haramtattu ne a ƙuduri mai lamba 2334 na 2016, shekara guda bayan haka Shugaba Trump ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 da ragargazar da aka yi wa Gaza, Kotun Duniya ta ba da fatawa a Yuli 2024 cewa mamayar kanta ta saɓa doka. A Satumba 2025 Ingila da Faransa da Kanada da Ostireliya suka amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Nijeriya ta yi tun 1988. Amma wata guda kafin wannan, Isra'ila ta ba da izinin gina gidaje kimanin 3,400 a filin da ake kira E1, tsakanin Ƙudus da Ma'ale Adumim, wato gurbin da ya rage ta gabas, kuma ministan kuɗinta Smotrich bai ɓoye ba cewa nufinsa binne maganar ƙasar Falasɗinu ne.

Gidan Gabas kuwa bai kai wata uku ba bayan maigidan. Ranar 9 ga Agusta 2001 bam ya tashi a wani gidan abinci a Yammacin Ƙudus, cikin daren 'yan sanda suka shiga gidan, suka sauke tuta, suka kwashe kundaye da takardun filaye da ya yi shekara ashirin yana tarawa. Wasiƙar Feres ba ta hana komai ba. Shirin sulhu na 2003 da ake kira Taswirar Hanya ya ce a buɗe shi, ba a buɗe ba, sabunta takardar rufewa aka ci gaba da yi duk wata shida. An sa sunan Faisal a babban filin ƙwallon da aka buɗe a 2008 a garin Ram, arewa da Ƙudus kaɗan, a bayan katangar siminti da Isra'ila ta fara ginawa a 2002.